Ƙarar gurza a ƙafar baya: yadda aka bi sawunta a wata Nissan 350Z a Katsina

Motar Nissan 350Z ce ƙirar 2006, mai kujera biyu da giyar hannu mai hawa shida, 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano. Injinta V6 ne mai lita 3.5, yana gaba, ƙafafun baya ke tura ta. Kafin a kawo ta garejin da ya gano ciwonta, a wajen Ƙofar Ƙaura, ta riga ta kwana a gareji biyu. An canja mata fad ɗin birkin baya na gefe biyu, an canja boris ɗin ƙafar baya ta hagu, ƙarar kuma tana nan daram, har ta samu ƙanwa.

Mai motar, matashi ne ɗan kasuwa, ya kwatanta ƙarar da kankarar ƙanzo a gindin tukunya: kar, kar, kar, tana zuwa tana ɗaukewa. Ta fi fitowa idan ana tafiya a hankali cikin unguwa, ta fi muni da safe idan ya yi ribas zai fito daga gida, idan kuma ya hau babban titi ya ba ta wuta sai ta ɓace cikin kukan inji da iska. Bayan aikin boris ɗin ne wata siririyar ƙara ta biyu ta ɓullo, shiii, ba ta yankewa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Tambayar da ba a yi ba

Babban bakaniken bai taɓa sifana ba sai da ya zaunar da mai motar a kan benci. Abin da ya fara nema shi ne ranar da ƙarar ta soma, da abin da ya sami motar kafin wannan rana.

"Alhaji, mi ya faru da ita kafin ka fara jin abin nan? Ka faɗa rami, ko an kwance mata wani abu?"

"Wallahi Baba ba komai. Tafiya na yi, na dawo na tarar da ita haka."

"Kwana nawa ka yi? Ina ka aje ta? Birkin hannu a sama yake ko a ƙasa?"

Nan zancen ya buɗe. A cikin watan Agusta ne, an yi ruwa mai ƙarfi da yamma, ya ratsa wani kwazazzabon layi da ruwa da rairayi suka cike har kusan rabin taya. Da isarsa gida ya ja birkin hannu har ƙarshe ya rufe ta da tamfol, washegari ya bar gari, sai bayan mako uku ya dawo. Da ya tayar da ita ya sauke birkin hannu ya sa ribas, ta ƙi motsi. Ya ƙara taka totur, sai ya ji "ɓas" daga baya, ta saki. Bai ɗauki abin da muhimmanci ba tunda motar ta tafi, bai kuma faɗa wa kowane gareji ba, domin ba wanda ya tambaye shi.

Wannan labarin kaɗai ya isa ya sa a yi zargin birkin hannu, amma zargi ba ya sayen kayan gyara. Mota ce ta shekara kusan ashirin, mai ƙasa-ƙasa, tana bin titunan da ke da tudun rage gudu da ramuka, don haka abubuwa da dama na iya gurza a ƙarƙashinta lokaci guda. Sai aka bi hanyar da ta kamata, ana cire masu laifi ɗaya bayan ɗaya.

Me ƙarar take bi?

Duk ƙarar da ke maimaita kanta a mota, akwai abin da ke juyawa da take bi. Ko inji, ko farfela (doguwar sandar da ke kai juyin inji zuwa aksul ɗin baya), ko taya. Kowannensu da saurinsa, kuma raba su ba ya buƙatar kwamfuta.

An fara da motar a tsaye, giya a firi, inji a silo. Aka taka totur har allurar ta kai juyi 3,000 a minti, aka saki. Shiru. Aka taka kuloci aka saki sau da yawa, nan ma babu canji. Wannan ya wanke fambel da abin da yake juyawa, ya wanke boris ɗin kuloci, ya kuma wanke gwangwanayen kare zafi na salansa, waɗanda in sun saki sukan yi karkarwa a wani mataki na juyin inji ko da mota ba ta tafiya.

Sai aka fita titi da sassafe, kafin 'yan acaɓa da masu Keke su cika gari. An zaɓi wani layi mai kwalta a GRA wanda doguwar katanga ke bin gefensa, aka sauke gilasai. Katanga tana dawo da ƙara zuwa kunne, don haka idan aka wuce ta da gefen dama sannan aka juyo aka wuce ta da gefen hagu, za a ji wane gefe ya fi magana. A wannan mota gwajin ya zama dole, domin 350Z mai rufin ƙarfe ba ta da bango tsakanin kujeru da but. Duk abin da ya yi ƙara a baya yana cika ɗakin ne gaba ɗaya, direba kuma yana zaune a hagu, sai kunnensa ya riƙa ba shi hagu. Katangar ta raba gardama: kar-kar ɗin daga dama take, siririyar shiii ɗin daga hagu. Ƙara biyu ce, daga wuri biyu.

Daga nan aka kai motar gudun kilomita 30 a awa, aka zare giya aka bar ta tana gangarawa a firi. Inji ya koma silo amma kar-kar ɗin ta ci gaba, tana raguwa daidai da raguwar gudun mota. Ke nan ƙafa take bi ko farfela. Raba waɗannan biyu lissafi ne mai sauƙi. Tayar bayan motar 245/45R18 ce, kewayenta mita 2 da ɗan ɗoriya, kusan 2.13. A gudun kilomita 15 a awa tana juyawa kusan sau biyu a daƙiƙa. Giyar aksul ɗin baya na mai giyar hannu kuwa 3.538 ce, wato farfela na juyi uku da rabi kafin taya ta yi ɗaya, don haka da daga farfela ƙarar take za a ji ta kusan sau bakwai a daƙiƙa, abin da kunne zai ɗauka kamar karkarwa ce. Abin da aka ƙirga sau biyu ne a daƙiƙa. Don a tabbatar, aka zana layin alli a gefen tayar dama, yaron gareji ya bi motar a ƙafa tana tafiyar hawainiya. Duk sanda allin ya zo wuri ɗaya, a saman taya ta wajen baya, sai a ji kar. Juyi ɗaya, ƙara ɗaya.

Farfelar wannan mota ma, a ambata a wuce, guda ɗaya ce ta zaren kabon, ba ta da boris na tsakiya irin na motocin da farfelarsu ke da gaɓa biyu. Ba a dukanta da guduma, ba a kuma jingina mata jak.

Saura a ga abin da ke canja ƙarar. An taka birkin ƙafa a hankali ana tafiya: ƙarar ba ta ɗauke ba, ba ta ƙaru ba. Wannan muhimmiyar shaida ce. Da fad ne ya cinye har ƙarfe na cin dis (faifan ƙarfen da fad ke matsewa), taka birki zai ƙara mata muni. Da ɗan harshen ƙarfen da ke gargaɗin ƙarewar fad ne, ƙiii zai riƙa yi mai tsini, taka birki kuma ya canja shi. An taka totur an saki a giya ta uku: babu canji, aksul ɗin baya kuwa in haƙoransa ko boris ɗinsa suka lalace kukansa na canjawa tsakanin lokacin da inji ke ja da lokacin da aka ɗaga ƙafa. An hau titin zobe aka kai kilomita 80, ana karkaɗa sitiyari dama da hagu a hankali inda ba kowa: ba a ji gunjin boris ba, wannan "wuuu" da ke ƙaruwa da gudu yake kuma sauya murya idan nauyi ya koma gefe guda.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda labarin mai motar ya nuna. Ana tafiyar kilomita 15, bakaniken ya danne maɓallin birkin hannu da babban yatsa don kada ya kama haƙori, ya ɗaga shi kaɗan-kaɗan. Nan take kar-kar ɗin ta rikiɗe ta zama gurza mai kauri, da ya ƙara ɗagawa kaɗan sai ta yi shiru, da ya saki ta dawo. Siririyar ƙarar hagu kuwa ko gezau. Wannan gwaji a hankali ake yin sa, a miƙaƙƙen titi marar mutane, yatsa a kan maɓalli, domin birkin hannu ƙafafun baya kaɗai yake kamawa, in aka fizge shi ana gudu bayan mota zai juya.

Kafin a koma gareji an yi tafiyar kilomita goma ba tare da yawan taka birki ba, aka tsaya da giya, aka auna zafin tsakiyar dis na kowane gefe ta tsakanin ƙafafun rim. Na'urar auna zafi ta masu aikin ƙarfe ake amfani da ita, ba irin ta goshi da aka saba gani lokacin korona ba, wadda ba ta karanta abin da ya wuce zafin jikin mutum da yawa. Hagu ya nuna digiri 52, dama 78. Wani abu na gogawa a cikin dama yana haifar da zafi. Wanda ba shi da na'ura zai iya kusantar da bayan hannunsa, amma kada ya taɓa.

A kan jak

Ɗaga wannan mota na da ƙa'ida. Ƙasa take sosai, jak ɗin gareji na yau da kullum ba ya shiga sai an hau da tayoyin kan katako. An toshe tayoyin gaba, aka ɗaga baya ta tukunyar aksul, aka kafa sitan (abin tokare mota) biyu na ƙarfe a wuraren da kamfani ya yi wa alama a gefen ƙasan bodi. Bulon siminti ba sitan ba ne, yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. An ɗaga ƙafafun biyu tare, ba ɗaya ba, saboda da yawa daga cikin waɗannan motoci suna da aksul mai hana ƙafa ɗaya zamewa ita kaɗai. Idan aka ɗaga ƙafa ɗaya aka sa giya don a "saurari" ƙarar, wadda ke ƙasa za ta ja, motar ta diro daga kan jak.

Da fitila aka duba ƙarƙashi tukuna. Robar ƙasan inji ta karce, kusoshinta biyu babu, aka ɗaure ta. Ba ita ce ke ƙarar ba, amma irinta ce ke jan ƙasa idan iska ta tura ta a babban gudu. Ba a ga alamar taya na gogar robar cikin madigadi ba, ba a ga cikin rim ya yi zoben sheƙi da zai nuna yana taɓa kalifa (ƙarfen da ke riƙe fad ya matse dis) ba, robobin shaf ɗin baya ba su yage ba, ba giris a warwatse. An kama kowace taya sama da ƙasa aka girgiza, sannan dama da hagu: babu wasa.

Aka juya tayar hagu da hannu, shiii ɗin ta fito. Da aka cire tayar sai ga dalili a fili. Farantin gwangwanin da ke bayan dis, mai kare shi daga laka da tsakuwa, ya lanƙwashe ta ƙasa yana taɓa bakin dis, wurin har ya yi sheƙi. Alamar guduma na jikinsa, daga ranar da aka fitar da boris. Da hannu da sukundireba aka mayar da shi baya har aka samu tazarar da ɗan yatsa zai ji, kimanin milimita 3 zuwa 4 ko'ina. Ƙarar hagu ta mutu cikin minti biyu, ba a sayi komai ba. A wannan tazarar ce kuma tsakuwa kan maƙale, musamman bayan bin titin da aka zuba wa sabon dutse, ta yi ihu kamar mota za ta tarwatse alhali yin ribas kaɗan kan fitar da ita.

A dama kuwa abin ya so ya ruɗa yaran. Da taya a jiki, juyi ɗaya kar ɗaya. Da aka cire taya aka juya dis, sai shiru. Dalili shi ne notocin taya ne ke matse dis a jikin hob (cibiyar da ake ɗaura taya a kai), in babu su dis yana lilo, ya kauce wa abin da yake gogawa. Aka mayar da noti uku da zoben ƙarfe a ƙarƙashinsu aka ɗaure dis ɗin shi kaɗai, ƙarar ta dawo. Wannan kuskure ya sa an sha rufe ƙafa a ce "ba komai a nan". Sannan aka kwance kalifa da mariƙinta aka rataye ta da waya a jikin sifirin, ba a bar ta tana reto a kan tiyon birki ba. Fad babu, kalifa babu, aka juya dis: kar. Abin da ya rage a wannan ƙafa mai iya gogawa yana cikin hular dis ɗin, wato tudun tsakiyarsa.

Abin da ke cikin hula

Ga wanda bai taɓa buɗe irin wannan ba: birkin bayan 350Z biyu ne a wuri ɗaya. Na ƙafa shi ne dis da fad da kowa ke gani ta cikin rim. Na hannu kuwa ƙaramin dirom ne da aka ƙera a cikin tudun tsakiyar dis ɗin, da shu (lanƙwasassun ƙarafan da ke matse cikin dirom) guda biyu a ɓoye, da sifirin-sifirin ɗinsu da waya mai ja. Mai canja fad ba ya ganinsu ko kaɗan, domin aikinsa ba ya kai shi ga cire dis. Shi ya sa gareji na farko ya yi aikinsa ya gama bai san da su ba.

Dis ɗin ya ƙi fita, kuma nan ma akwai inda ake ɓarna. Shu ya riga ya ci rami a cikin dirom, bakin ramin ya riƙe shi. Wanda ya sa guduma ko ya ɓanɓaro da ƙarfe zai tsinka ƙusoshin da ke riƙe shu ya lanƙwasa faranti. Hanyar ita ce a sauke birkin hannu gaba ɗaya, a cire ɗan murfin roba da ke fuskar hular, a juya dis ana haskawa har ramin ya zo daidai da ajasta, wani ɗan noti mai haƙora kamar tauraro, a sa siririn sukundireba a juya shi har shu ya janye. In tsatsa ta manne dis da hob, a fesa man sassauta tsatsa a kewayen tsakiya, a bubbuga fuskar hular tsakanin kusoshin taya da gudumar roba. Idan dis ɗin yana da ƙananan ramuka masu zare, a ɗaura musu kusoshi biyu a riƙa juya su bi da bi, su turo shi.

Da ya fita, jar ƙasa busasshiya da garin tsatsa suka zubo, tare da wani yanki mai lanƙwasa kamar ɓawon kankana. Lainin ɗin shu na baya ne, wato shimfiɗar da ke fuskar shu mai gogar dirom. Ya rabu da ƙarfensa gaba ɗaya, ya karye biyu: babban yankin na nan a wurinsa yana zamewa gaba da baya, ƙaramin ya gangara ƙasa ya maƙale kusa da sifirin. Ƙarfen shu ɗin, wanda ya zama tsirara ta gefe ɗaya, ya zana rami a cikin dirom wanda farce ke kamawa sosai. Ɗaya daga cikin ƙusoshin riƙe shu ta cinye saura kamar zare. Shu na gaba bai rabu ba tukuna, amma da aka sa bakin wuƙa a gefensa sai lainin ya ɗaga.

Yadda abin ya faru a bayyane yake. Lainin ɗin wannan shu manna shi ake yi da gam mai jure zafi, ba a kafe shi da ribit ba. Shekaru suna tafiya, danshi na shiga ta gefe, tsatsa na rarrafawa a ƙarƙashin gam tana ɗaga shi, kuma motar da ta yi zama a jihohin Amurka masu zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara takan zo da wannan ciwo tun daga can. Ranar ruwan Agusta dirom ya cika da ruwa mai laka, aka ja birkin hannu a jiƙe, aka rufe da tamfol inda ba iskar da za ta busar. Cikin mako uku tsatsa ta haɗe fuskar lainin da dirom, ta fi gam ɗin da ya riga ya raunana ƙarfi. Da injin ya murɗa ƙafar, wurin da ya fi rauni ne ya saki. Wannan ita ce "ɓas" ɗin da mai motar ya ji.

Sauran alamomin ma duk sun samu bayani. Ƙarar na zuwa sau ɗaya a juyi domin dirom ɗin yana da wuri mai tudun tsatsa inda lainin ya manne, shi ke taɓa ƙarfen duk zagaye. Ta fi muni a ribas domin juyin baya na tura sakakken yankin ya cusa shi kamar tsinke a bakin ƙofa. Birkin ƙafa bai canja ta ba domin ba shi da alaƙa da cikin hula. Kuma abin ba ƙaramin haɗari ba ne: irin wannan yanki na iya cusuwa sosai ya ƙulle ƙafa ɗaya ta baya ana cikin gudu. Mai motar yakan bi hanyar Daura da ita a ƙarshen mako, inda ba a tafiyar kilomita 15.

Gareji na biyu ya bi wata ƙa'ida ce da ke da gaskiya a wurinta. Sun lura ƙarar na ɗan ƙaruwa idan aka sha kwana dama, suka ce nauyi ya koma hagu, ke nan boris ɗin hagu ne. Wannan ƙa'ida ta gunji ce, mai tashi da gudu. Ba ta aiki a kan ƙarar da ke zuwa ɗaya-ɗaya a tafiyar unguwa, sakakken abu kuwa kowace kwana na motsa shi. An bar jaki an daki taiki. Abin da ya fi ciwo shi ne sai da suka cire dis na hagu kafin su kai ga boris, suka ga shu na wannan gefe, amma ba su buɗe ɗaya gefen sun kwatanta ba.

Gyaran

An canja shu na gefe biyu, guda huɗu, tare da sababbin sifirin da ƙusoshin riƙewa. Ba a canja gefe ɗaya a birki, kuma na hagun sa'o'in na dama ne, ruwa ɗaya suka sha. An kawo shawarar a kai tsohon ƙarfen wurin masu liƙa lainin, bakaniken ya ƙi, kuma ya yi daidai. Ƙarfen ya riga ya ci tsatsa, sannan wannan shu yana zaune ne a cikin dis da ke ɗaukar zafi mai tsanani duk sanda aka taka birki daga babban gudu. Gam ɗin da ba a gasa shi yadda kamfani ke yi ba ba zai daɗe a nan ba.

Dis ɗin dama kaurinsa milimita 15.1 ne, bai kai iyakar 14 da aka buga a jikinsa ba, amma ramin cikin dirom ya yi zurfin da zai cinye sabon lainin, don haka aka canja dis na gefe biyu. A nan sai an kula wajen saye. Dis ɗin bayan 350Z ba iri ɗaya ba ne: na 2003 zuwa 2005 marar birkin kamfanin Brembo faɗinsa milimita 292, na 2006 zuwa sama 308, mai Brembo kuma 322. Infiniti G35 na waɗannan shekaru ginin ƙasansu ɗaya da ita, kayansu da yawa na shiga juna, wannan kan taimaka idan ana nema a Ƙofar Ruwa a Kano. Duk da haka tsohon dis da tsohon shu aka aika da su aka gwada a kan sababbin, ba a yi ciniki ta hoton waya ba.

Wajen haɗawa, an wanke farantin da maganin fesa na wanke birki. Ba a hura ƙurar da iskar kwamfuresa ba saboda huhu, ba a kuma wanke da fetur ba saboda yana kumbura roba. An goge fuskar hob da burushin waya har ta yi fes, domin ɓarɓashin tsatsa kaɗan a nan ya isa ya karkata dis ya kawo rawar birki. An shafa giris mai jure zafi, ɗan kaɗan kamar ƙwayar gero, a wuraren da gefen shu ke zama a kan faranti da kuma zaren ajasta, ba a bari ya taɓa lainin ko cikin dirom ba. Da aka ɗaure sabon dis da notoci aka sa agogon awo a fuskarsa, karkatarsa ta tsaya a milimita 0.03.

Saitin birkin hannu daga ƙafa ake fara shi, ba daga wayar cikin mota ba. Ta ramin nan aka juya ajasta har dis ya ƙulle, sannan aka dawo da shi baya haƙori biyar zuwa shida har dis ya juya ba gogawa, aka yi haka a kowane gefe, aka mayar da murfin roba. Sai a ƙarshe aka daidaita notin waya a gindin sandar birkin, har ya zama tana kamawa a ƙara ta shida ko ta bakwai idan aka ja da ƙarfin hannu na yau da kullum. Wanda ya tsallake ajasta ya ɗaure waya kawai zai bar shu yana gogawa kullum, ya ƙona sabon lainin. Tunda sababbin dis aka sa, fad ɗin da bai yi wata biyu ba aka goge fuskarsa da samfefa a kan gilashi aka mayar. Notocin taya aka ɗaure su bi da bi a tsallake, da sifana mai auna ɗauri, a kan 108 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri). Kafin motar ta motsa aka taka birkin ƙafa sau da yawa har ya yi tauri.

An koma layin katangar nan. Gaba, ribas, kwana dama, kwana hagu, shiru. An zaunar da sababbin shu ta hanyar ɗaga birkin hannu kaɗan na 'yan daƙiƙoƙi a tafiyar kilomita 30, sau uku, ana barin su su huce a tsakani. Bayan kilomita goma zafin hagu da dama ya zo 50 da 53.

An gaya wa mai motar abin da zai riƙa yi da damina da kuma bayan wankin mota da injin feshi: kafin ya ajiye ta, ya yi 'yar tafiya yana taɓa birkin ƙafa a hankali, ya ɗaga na hannu kaɗan sau ɗaya ko biyu don zafi ya busar da ciki. Idan ajiyar kwanaki ce a wuri mai shimfiɗe, ya bar ta a giya ta ɗaya ko ribas, ya sa katako a taya, birkin hannu a ƙasa. Idan kuma wata rana ta sake ƙin motsi bayan ajiya, kada ya yi mata dole da totur, a ɗaga ƙafar a sassauta ajasta.

Bayan kilomita 500 motar ta dawo aka sake duba ɗaurin notoci, aka ƙara wa ajasta haƙori ɗaya a kowane gefe saboda shu ya zauna. Abu ɗaya ya rage a rubuce a katin aikinta: boris ɗin hagu da aka sa mata ba tare da buƙata ba, marar suna ne, ainihin na kamfani kuma an riga an jefar. A yanzu ba ya wasa, ba ya gunji, amma an ce a riƙa girgiza wannan ƙafa duk lokacin canjin baƙin mai.